Yinin Mai Sana'a da Lokutan Salla a Ƙasar Muniyo

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa, Ya buɗe wa kowa ƙofar da yake ci ta cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi yadda masu sana'o'i dabam-dabam suke yini a ƙasarmu, tun daga asuba har kwanciya, da abin da shari'a ta ɗora wa kowannensu, da abin da ta sauƙaƙa masa. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne halin da muke gani a masallatanmu. Mai shago a bakin masallaci, wanda sahun farko ba ya wuce shi, yakan dubi makiyayi da mai kanwa da idon zargi, domin ba ya ganinsu sai ranar kasuwa. Su kuma waɗansu daga cikin masu aikin ƙarfi, da suka ga ba za su riski jam'i ba, sai suka saki lokaci gaba ɗaya, suna tara salla uku ko huɗu su zubo su da dare, suna cewa ai neman halal ma ibada ne. Na farkon bai san yinin ɗan'uwansa ba. Na biyun kuwa bai san faɗin lokacin da aka ba shi ba, bai kuma san inda ya ƙare ba.

Faɗin lokaci da iyakarsa

A mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta muka tashi, muka karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, kowace salla tana da lokaci biyu: muhtari, wanda mutum yake da zaɓi a cikinsa tun daga farkonsa har ƙarshensa, da laruri, wanda aka tanadar wa mai uzuri. Muhtarin Asuba yana farawa da ketowar alfijir na gaskiya, ya tafi har gari ya waye sosai, larurinta kuma har fitowar rana. Azahar tana shiga da gushewar rana daga tsakiyar sama, muhtarinta ya tafi har inuwar kowane abu ta kai tsawonsa, ban da 'yar inuwar da take nan tun rana tana tsaka. Daga nan La'asar ta karɓa har rana ta yi fatsi-fatsi, larurin su biyun kuma ya kai faɗuwar rana. Magariba ita ce mai ƙunci, domin muhtarinta gwargwadon abin da mutum zai yi tsarki ne, ya suturta jikinsa, ya sallata. Lisha kuwa daga ɓacewar jan shafaƙi take zuwa sulusin dare na farko.

To, malamai sun lissafa uzurorin da ke ɗauke zunubi daga wanda ya kai salla cikin laruri: barci, da mantuwa, da suma, da hauka, da haila, da biƙi, da yaron da ya balaga a lokacin, da wanda ya musulunta a lokacin. Ku duba wannan lissafi da kyau, babu noma a ciki, babu kasuwa, babu ofis. Amma ku duba kuma faɗin muhtari. Azahar kaɗai a ƙasarmu tana ba mutum kusan sa'a uku. Wanda ya san wannan, da wuya a sami sana'ar da za ta cinye masa lokaci dukansa.

Akwai wata fa'ida da ya kamata masu duba jadawali a waya ko a kalanda su riƙe. Agogon Nijar ɗaya ne daga Tera har Ngigmi, amma rana ba ta bin agogo. Mu nan Bune muna gabas da Yamai da nisa, saboda haka rana tana riga fito mana, tana kuma riga faɗuwa, da kimanin rabin sa'a. Zawali a wajenmu yana faɗawa tsakanin ƙarfe 12 da 'yan mintoci zuwa wajen 12 da rabi, gwargwadon watan da ake ciki. Wanda ya yi sahur da jadawalin Yamai a nan, ya ci abinci bayan alfijir ya keto.

Manomin tudu da manomin kwari

Daminarmu gajeriya ce, kimanin wata uku, ruwan da ke sauka a shekara kuma bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 ba. Shi ya sa ranar da ruwan shuka ya sauka gari yakan zama fayau. Mai sungumi yana gaba yana sara, mata da yara suna biye suna jefa iri suna binnewa da diddige, kowa yana gaggawa kafin laima ta tsere daga rairayi. Idan aka shiga noma kuwa, tsarin yinin sananne ne: a fita bayan Asuba, a yi ta tura hauya har hantsi ya ɗaga, a kawo fura a sha a gindin itace, a koma har rana ta take, mai sauran ƙarfi kuma ya sake fita da yamma zuwa gayaunarsa. Wannan yini bai yi karo da salla ba ko kaɗan. Abin da ke hana manomi a mafi yawan lokuta shi ne zaton da yake yi cewa tufafinsa sun ƙazantu. Ƙasa da gumi ba najasa ba ne. Kashin shanu da tumaki da awaki da raƙuma, da fitsarinsu, masu tsarki ne a mazhabarmu matuƙar dabbar ba ta cin ƙazanta, saboda haka wanda ya yini yana watsa takinsu zai iya tsayawa salla da rigarsa. Na jaki da doki ne ake wankewa. Kuma mutum biyu a kan kunya, ɗaya liman ɗaya mamu, sun sami falalar jam'i.

Wanda gonarsa ta yi nisa har ya kafa bukka can, ya san cewa Juma'a tana wajaba a kan mazaunin da ke cikin mil 3 daga masallacin Juma'a, wato kilomita 5 da ɗoriya. In ya wuce haka, Azahar ce a kansa, in ya zo kuma ya sami lada. Azumi shi ma yakan zagayo ya faɗa cikin damina, kamar yadda ya yi a shekarun 2011 zuwa 2013, lokacin da Ramadan ya zo a watannin Agusta da Yuli. Hukuncin da malamanmu suka bayar game da masu aikin gona shi ne su kwana da niyya, su wayi gari da azumi, wanda wahala mai tsanani ta riske shi a cikin aikin ya sha ya rama. Ba a yarda mutum ya yanke wa kansa tun dare cewa gobe ba zai iya ba.

Manomin kwari kuwa yininsa dabam yake. A cikin kwarurukan da Allah Ya albarkaci ƙasar Gure da ta Maine Sorowa da su, inda ruwa yake kusa a ƙarƙashin dabino da goriba, aiki ba ya yankewa rani da damina: rogo, rake, dankali, albasa, kabeji, kowane da lokacinsa. Ban-ruwa da sanyin safiya ake yinsa da sanyin yamma, kuma a nan haɗarin yake, domin ban-ruwan yamma yakan ja mutum har duhu, ya ce bari in ƙarasa wannan fangali, sai Magariba ta fice. Mai guga yakan gaji ya tsaya da kansa. Mai injin ban-ruwa shi ne abin tsoro, domin ya riga ya zuba mai, ba ya so ya kashe. A kan wannan aiki kuma an sami ƙari tun bayan farin 1973 da na 1984, lokacin da itatuwa suka mutu, tudun rairayi ya fara tafiya yana binne kwaruruka. Yau akwai mutanen da aikinsu na rani shi ne kafa shinge a kan tudu da dasa itatuwa don su tsayar da shi. Wannan aiki yana da lada ko da an biya mutum a kansa, in niyya ta gyaru.

Mai kanwa da mai gishiri

A nan za mu ɗan daɗe, domin wannan ita ce sana'ar da aka san ƙasarmu da ita tun Bune tana mazaunin sarautar Muniyo, kafin sarauta ta koma Gure a ƙarni na 19. Matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanen Barno suka sani da Abdulkarim, ya ratsa Muniyo a watan Disamba na 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya biyo ta Bune da Gure, ya kuma rubuta labarin tafkin kanwar da ya gani. Kanwar Muniyo da mangul na ƙasar Manga sun kai Kano da abin da ke bayanta a kan jakuna da takarkarai tun babu mota. Matar da ke dafa wake a Kurmi, da Bafulatanin da ke ba shanunsa kanwa a Adamawa, ba su san fuskar wanda ya kankaro ta ba.

Aikin na rani ne, bayan ruwan tafki ya janye, ƙasa ta tofo fari. Mai kanwa yana fita tun da sassafe, domin idan rana ta ɗaga farin ƙasa yakan mayar da haske cikin ido, zafi ya taso daga ƙasa kamar yadda yake saukowa daga sama. Yana kankara, yana tarawa tsibi-tsibi, yana cika buhu, a ɗora wa jaki ko amalanke zuwa inda mota za ta iya tsayawa. Kanwa tana cin fata. Duk wanda ya ga tafin ƙafar waɗannan bayin Allah da faso ya tsattsaga, ba zai ƙara raina kuɗin da yake biya a kasuwa ba. Masu dafa mangul, gabas da mu, nasu aikin ya fi wannan tsawo: a tara ƙasa mai gishiri, a tace ta da ruwa, a zuba ruwan a ƙananan tukwanen yumɓu da aka jera a kan murhu, a yi ta ƙarawa, wuta tana ci dare da rana har gishiri ya kama. Mai kula da irin wannan wuta ba shi da daren kansa.

Littattafanmu ba su manta da mutumin da yake aiki a irin wannan wuri ba. Ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ya canja saboda ƙasar da yake kwance a kanta, gishiri ne ko kanwa ko taɓo, yana nan da tsarkinsa, ana alwala da shi ana wanka. Wannan yana cikin Risala tun a babin tsarki. Idan ruwan ya ƙafe, babu wani a kusa sai na sha, to taimama ta halatta, kuma ana yinta a kan ƙasar gishirin nan da mutum yake tsaye a kai. Amma ku lura da bambancin da Shehu Halil ya yi a cikin Muhtasar: ma'adini irin gishiri ana taimama da shi yana wurinsa, idan aka ɗebe shi ya zama haja a hannun mutane, ba a yi. Saboda haka buhun da aka ɗinke ba wurin taimama ba ne. Wanda faso ya yi masa rauni har ruwa yana cutar da shi, ya shafa a kan raunin, in bai iya ba ya ɗaure ya shafa a kan ɗaurin, ya wanke sauran gaɓoɓinsa. Da waɗannan mas'aloli uku mai kanwa zai sallaci Azahar da La'asar a bakin aikinsa, kowace a lokacinta.

Wata mas'ala kuma ga masu hannu da shuni. Gishiri a shari'a yana cikin hukuncin abinci, kuma ba ya halatta a musanya abinci da abinci da jinkiri. Wanda ya ba mai dafa gishiri gero yau a kan zai biya shi da mangul bayan wata biyu, ya shiga riba ko da bai ci ƙari ba. In yana son taimakonsa, ya ranta masa geron ya biya gero, ko ya ba shi kuɗi hannu a kan gishiri sananne, da awo sananne, da ajali sananne.

Makiyayi

Da damina makiyayi yana hutawa da jan ruwa, tafkuna sun cika, amma ba ya hutawa da tsaron gonakin mutane. Da rani kuwa rijiya ce take mulkin yininsa. Akwai layi, kowane garke da lokacinsa, wani tun cikin dare yake farawa. Raƙumi ko takarkari yana jan igiya, yaro yana kora shi ya je ya dawo, babba yana bakin rijiya yana karɓar wasaki yana juyewa a komi, wani yana tare shanu kada su turmushe juna. Wanda ya bar layinsa, dabbobinsa za su kwana da ƙishi. Mutumin da yake cikin wannan hali ba za a ce masa ya bar rijiya ya taho gari jam'i ba. Abin da ake ce masa shi ne su karɓi juna, wannan ya riƙe igiya wancan ya yi salla, kafin inuwa ta kai tsawonta. Irin wannan karɓa-karɓa tana da asali, domin Buhari ya ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da maƙwabcinsa Ba'ansare sun kasance suna zuwa wajen Annabi (S.A.W.) bi da bi, wannan yau wancan gobe, wanda ya je ya kawo wa ɗan'uwansa abin da ya ji.

Idan makiyayi yana daji da ɗan ruwa a salka, yana tsoron in ya yi alwala ƙishi zai cutar da shi ko abin da yake tare da shi na mutum ko dabba, ya yi taimama. Amma akwai inda da yawa suke zaton sauƙi alhali babu shi, wato ƙasaru. Mai neman makiyaya wanda bai san inda zai tsaya ba, duk inda ya sami ciyawa nan zai sauka, ba ya rage salla ko da ya yi kwanaki yana tafiya, sai fa idan ya san tun farko cewa ba zai sami abin da yake nema ba sai bayan ya yanke tafiyar ƙasaru.

Shari'a ta kuma raba dare da rana tsakanin makiyayi da manomi. Abin da dabbobi suka ɓata na shuka da dare, biyansa yana kan masu su, domin dare lokacin ɗaure dabba ne. Da rana tsaron gona yana kan mai gona. Sai dai masu sharhi sun ƙayyade wannan: in dabbobin suna tare da makiyayi ya yi sakaci, ko aka sake su dab da gonaki, to biya ya hau ko da rana ce. Da manoma da makiyaya sun san wannan rabo, da ƙararrakin da ake kai wa sarakuna da kaka sun ragu. Masu raina makiyayi kuwa, su tuna cewa Annabi (S.A.W.) da kansa ya yi kiwon tumaki wa mutanen Makka a kan lada, ya kuma ba da labarin cewa annabawan da suka gabace shi duk sun yi kiwo.

Yinin da ya fi kowane tsawo

Ba a lissafa uwar gida cikin masu sana'a, alhali ita ce ta fara tashi, ita ce ta ƙarshen kwanciya. Kafin ladan ya yi kira ana jin taɓarya. Daga surfe sai rijiya ko famfo, daga nan sai itace, wanda yanzu sai an yi nisa ake samunsa, sai dama fura a kai gona, sai tuwon dare, ga goyo a baya. Ɗan lokacin da ake cewa ta zauna, kaba ce a hannunta tana saƙar tabarma ko faifai, abin da za ta sayar ta saya wa 'yarta kwano. Bafulatana kuma ta tatsa, ta kaɗa, ta ɗauki ƙwarya ta yi tafiyar sa'o'i zuwa gari ta komo. Injin niƙa ya rage wani abu a garuruwan da yake akwai, bai rage ruwa da itace ba. Nana Faɗima, Allah Ya yarda da ita, dutsen niƙa ya yi wa hannunta kanta har ta je neman mai taimako a wajen mahaifinta, saboda haka wannan wahala sananniya ce tun a gidan Annabi.

Mai shayarwa an yi mata rangwame a kan abin da ya sami tufafinta na fitsarin jariri matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, an kuma so ta keɓe zane ɗaya don salla. Malamai sun haɗa mahauci da ita a wannan rangwame, saboda jinin da ba ya rabuwa da shi. Matar da ta sami tsarki da yamma, in bayan wankanta akwai sauran abin da zai ɗauki raka'a 5 kafin faɗuwar rana, Azahar da La'asar duka suna kanta. In da dare ne, sauran raka'a 4 kafin alfijir, Magariba da Lisha suna kanta. Mata nawa ne a ƙauyukanmu aka taɓa karanta wa wannan? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausan zargi ga malaman da suke karantar da almajirai a waje, suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Yau fiye da shekara 200 ke nan, zargin bai tsufa ba. Kuma magidancin da yake da amalanke a ƙofar gida, yana zaune a inuwa yana jan carbi, matarsa tana ɗauko itace a ka, ya sake duba lissafinsa.

Masu hanya da masu dare

Direbobin da ke bin babbar hanya daga Damagaram ta Gidimuni da Gidigir zuwa Gure, har Maine da Difa, da masu gangarawa kudu zuwa Machina da Nguru da kanwa ko dabbobi, matafiya ne a shari'a idan tafiyar ta kai mil 48, kimanin kilomita 80. Ƙasaru a gare su sunna ce mai ƙarfi, kuma yawan tafiya ba ya zubar da ita, ko da mutum kullum yana kan hanya. Shiga garinsu ne yake yanke ta, ko niyyar zaman kwana 4 cikakku. Wanda ya maƙale yana jiran a buɗe hanya, kamar yadda ya faru ga da yawa lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta a 2019, da kuma rufewar da ta biyo bayan Yulin 2023, bai san yau ko gobe zai wuce ba, yana nan a kan ƙasarunsa ko da kwanakin sun yi yawa. An kuma yarje wa matafiyi ya haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Lisha, gwargwadon tashinsa da saukarsa. Da wannan sauƙi duka, direban da ya ƙi tsayawa minti 10 har rana ta faɗi wa fasinjoji 20 ba su yi salla ba, ya san abin da ya ɗauka ban da kayan da ke bisa mota.

Gardi, da mai gasa burodi, da ma'aikacin likita mai kwanan aiki, da ungozoma, darensu ne rana. Wanda ya kwanta kafin lokaci ya shiga, barci ya rinjaye shi, babu zunubi a kansa, ya yi salla da zarar ya farka. Amma wanda Asuba ta riske shi ido biyu, kada ya ce bari in ɗan kishingiɗa. Ma'aikacin likita da yake kan ceton rai ba ya barin majiyyaci, domin ceton rai ana yanke salla ma saboda shi. Mushen lakkol da ma'aikacin ofis kuwa matsalarsu ta juya: lokacin farilla an cire shi daga cikin lokacin da aka ɗauke su aiki, babu mai hana su, amma farilla da alwalarta ba su wuce rubu'in sa'a ba. Wanda ya fita da sunan salla ya yi sa'a biyu, talakawa suna zaune a ƙofa da takardunsu tun safe, waɗansu daga ƙauye mai nisa, albashin wannan sa'a biyu yana da tambaya a kansa.

Abin da ya hau kan limamai

Saura mu da muke gaban sahu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Mu'azu ɗan Jabal, Allah Ya yarda da shi, ya ja wa mutanensa salla da dare ya kama Suratul Baƙara. A cikin mamu akwai wani mutum da ya yini yana ban-ruwa da raƙumansa. Da ya ga abin ya yi tsawo, sai ya ware ya yi sallarsa shi kaɗai ya tafi. Mu'azu ya yi magana mai zafi a kansa. Mutumin ya kai ƙara wajen Annabi (S.A.W.), ya bayyana cewa su mutane ne masu aiki da hannuwansu. Annabi bai zargi mai ban-ruwa ba. Mu'azu ya yi wa faɗa, duk da ilminsa da darajarsa, ya kuma nuna masa surori matsakaita irin su A'ala da Shamsi da Laili.

Mutumin nan mai raƙuma yana cikin kowane masallaci na ƙasar Muniyo. Saboda haka liman ya san watan da yake ciki. Da damina ya taƙaita karatun Lisha, kada ya riƙe manoma da wa'azi bayan Asuba alhali laima tana gudu. Da bazara ya jinkirta Azahar har zafi ya karye, domin an so hakan ga masallatan jam'i, kuma shi ne zai ba mai dawowa daga kwari damar riskar sahu. Daren da aka yi ruwa mai yawa, ko taɓo ya haɗu da duhu, ya haɗa wa mutane Magariba da Lisha a masallaci. Ranar kasuwa, da makiyaya da masu kanwa suke shigowa gari, ita ce ranar da ta dace a zauna da su bayan La'asar a karanta musu babin taimama da na lokuta, da Barbarci ga mai jin Barbarci, da Fulatanci ga mai jin Fulatanci, a kuma sallame su da sauran rana domin su isa gida kafin dabbobi su dawo.